Shin Mamaci Yana Sane da Kansa Bayan Fitar Rai?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina ganin yadda allurar barci ko buguwa a ka ke ɗauke wa mutum hankali gaba ɗaya, shi ya sa wasu abokan aikina ke cewa tunani aikin ƙwaƙwalwa ne, idan ta mutu shi ke nan. Kwanan baya mahaifiyata ta rasu. Shin tana sane da kanta yanzu? Tana jin sallamarmu?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

'Yata, abin da Ahlus Sunna suka haɗu a kansa shi ne ruhi ba ya ƙarewa da mutuwar jiki. Yana rabuwa da shi ne, ya shiga rayuwar barzahu, wadda Allah ya ambata a aya ta 100 ta Suratul Mu'minun, kuma a can yana sani, yana tunawa, yana jin daɗi ko azaba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zauren malaminsa ya wuce ta kan wannan a babin aƙida, inda ya bayyana cewa rayukan 'yan aljanna suna cikin ni'ima har ranar tashi, na shaƙiyyai kuma suna cikin azaba.

Dalilin da na fi so ki riƙe yana aya ta 46 ta Suratu Gafir. An ba da labarin mutanen Fir'auna cewa ana gitta su ga wuta safe da yamma, sannan aka ce ranar da Alƙiyama ta tsaya za a shigar da su mafi tsananin azaba. Lokaci biyu ke nan, na farko kafin Alƙiyama, kuma gitta wuta ga wanda ba shi da sani ba shi da ma'ana. A Suratu Yasin, mutumin nan da ya zo da gaggawa daga ƙarshen gari yana kiran mutanensa su bi manzanni, da aka ce masa ya shiga Aljanna sai ya yi burin da ma mutanensa sun san gafarar da aka yi masa. Bai manta da su ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abdullahi ɗan Umar cewa ana nuna wa mamaci mazauninsa na lahira safe da yamma, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Anas cewa idan masu jana'iza suka juya yana jin ƙarar takalmansu, sannan mala'iku biyu su zaunar da shi su tambaye shi.

Abin da kike gani a asibiti gaskiya ne, kada ki ƙaryata idonki. Muddin ruhi yana cikin jiki, da ƙwaƙwalwa yake aiki, kamar yadda manomi ke aiki da fartanya: idan ta karye aikin ya tsaya, amma ba wanda zai ce manomin ya mutu. Na'urar likita tana auna motsin ƙwaƙwalwa, ta faɗi lokacin da ya tsaya, iyakarta ke nan. Cewa babu komai bayan haka da'awa ce da ba a auna ta ba. Haka kuma ba na son mu gina imaninmu a kan labaran waɗanda zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, irin waɗanda Raymond Moody ya tattara a Amurka a 1975. Wanda ya farfaɗo ajalinsa bai yi ba, saboda haka labarinsa ba hujja ba ne a kan barzahu. Hanyar sanin gaibu wahayi ce, kuma aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta riga ta gaya mana cewa kaɗan aka ba mu na ilimi.

Saɓanin malamai yana ga sashe na biyu na tambayarki, kuma tun zamanin sahabbai yake. Bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya tsaya a bakin rijiyar da aka jefa gawarwakin manyan Ƙuraishawa, yana kiran su da sunayensu, su Abu Jahal da Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a. Sayyidina Umar ya yi mamakin magana da gawa, sai Annabi ya sanar da shi cewa masu rai ba su fi su jin maganar ba, amsawa ce kawai ba za su iya ba. Nana A'isha kuwa ta fahimci cewa abin nufi shi ne yanzu sun san abin da yake gaya musu gaskiya ne, ta kafa hujja da aya ta 80 ta Suratun Naml a kan cewa matattu ba sa ji, Ƙatada kuma ya ce Allah ne ya raya su a lokacin don ya jiyar da su. Lura da kyau: ko Nana A'isha da ta kore ji, sani ta tabbatar musu. Daga baya Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya ƙarfafa jin matattu a Kitabur Ruh, wasu malamai, musamman cikin Hanafawa, suka ce asali ba sa ji sai inda nassi ya zo.

Abin da na fi natsuwa da shi shi ne mu tsaya inda nassi ya tsaya. Mamaci yana ji a wuraren da aka ambata, kuma an shar'anta mana yi wa mutanen maƙabarta sallama da lafazin da ake yi wa wanda ke gabanka. Amru ɗan Asi ma ya yi wasiyya a tsaya a kabarinsa gwargwadon lokacin da za a soke raƙumi a raba namansa, don ya ɗebe kewa da su yayin amsa tambaya. Amma cewa mamaci yana bin duk abin da ke gudana a gidansa, ko yana dawowa ya zama fatalwa, ko a sake haihuwarsa a jikin wani jariri, wannan ba shi da tushe, na ƙarshen ma ya ci karo da aƙidar tashin Alƙiyama. Ina jin takaicin yadda ake tsorata marayu da zawarawa da irin waɗannan tatsuniyoyi a cikin kwanakin makoki. Idan kin yi mafarki da ita cikin kyakkyawan hali, ki yi murna ki gode wa Allah, sai dai ba a raba gado ko yanke hukunci da mafarki.

Mahaifiyarki tana sane, kuma addu'arki tana isa gare ta, domin Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yankewa. Ku fara da bincika ko akwai bashi a kanta, ku biya kafin a raba gado, ki yi sadaka a madadinta, ki kuma riƙa leƙa ƙawayenta da danginta. Wallahu a'alamu.