Manhajar da Za Ta Koyi Sallama

Duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin fitowar sabuwar babbar manhajar kwamfuta, sai masu aiki da ita su shiga jera buƙatunsu. Akwai ma waɗanda suka raɗa wa mai zuwa suna Windows 12 tun kamfanin Microsoft bai ce uffan ba. Wani so yake a mayar masa da damar matsar da layin nan na ƙasan allo zuwa gefe ko sama, damar da aka cire lokacin da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021. Wani kukansa a sassauta sharuɗɗa, domin Windows 11 ba ta yarda ta hau kwamfutar da ba ta da abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0, ga shi kuma an rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsofaffin kwamfutoci masu lafiya sun cika ofisoshi da makarantu. Mu masu rubutu da Hausa kuwa muna so ɓ da ɗ da ƙ su zo hannu ba tare da wahala ba. Kuma kukan jama'a yakan yi tasiri. A 2012 Windows 8 ta zo babu maɓallin Start, aka yi ca a kan kamfanin, a 2013 maɓallin ya dawo, a 2015 jerin da ke ƙarƙashinsa ma ya dawo.

Ina tare da duk masu waɗannan buƙatu. Amma tawa ɗaya ce, kuma ita ce ta fi ci mini rai: so nake babbar manhaja ta koyi neman izini, in an ce mata a'a ta ji.

Sana'ata buga takardu. Ina da ɗan shago a Zariya, kuma abin da ke bi ta fuskar kwamfutata a wuni guda ya isa ya tayar da unguwa da zai fita waje. Akwai kundin ɗalibi, wannan ba komai. Amma akwai takardar rantsuwa ta mutumin da zai je kotu, akwai lissafin rabon gado da 'yan'uwa ba su gama daidaitawa a kansa ba, akwai sakamakon gwajin jini na saurayi da budurwa da iyayensu ma ba su gani ba tukuna, akwai wasiƙar magidancin da bashi ya yi wa katutu yana roƙon a ɗaga masa ƙafa. Ba ni na mallaki ko ɗaya daga cikinsu ba. Ajiya ce ta ɗan lokaci aka ba ni. Mata musamman sukan tsaya bayan na miƙa musu takardarsu, su rage murya su ce, "Malam, in ka gama ka goge ko?" Nakan ce, "In sha Allahu, Hajiya, yanzu ma a gabanki." Daga lokacin da na faɗi haka na ɗauki alkawari, kuma cika shi bai rataya a kaina ni kaɗai ba, ya rataya a kan na'urar da nake aiki da ita.

Addininmu bai ɗauki shiga wurin mutum da wasa ba. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Ko ka tarar babu kowa, ba a ba ka damar shiga ba, in kuma aka sallame ka daga bakin ƙofa, komawa ce ta dace da kai. Aya ta 58 ta fi ba ni mamaki, domin ba a kan baƙo take magana ba. A kan 'yan cikin gida take, masu hidima da yaran da ba su balaga ba, waɗanda shige da fice ne aikinsu. Su ma an ware musu lokuta uku da sai sun nemi izini: kafin sallar Asuba, da lokacin ƙailula da rana, da bayan sallar Isha'i. Wato kusanci da yawan hidima ba sa ba mutum lasisin ganin komai. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Abu Musal Ash'ari da ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, da bai ji amsa ba ya juya, kuma ya kafa hujja da koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya leƙa ta wata kafa a ɗakin Annabi, inda aka bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini tun asali.

Bahaushe ya gina wannan koyarwa da ƙasa da azara. Zaure iyaka ne. Baƙo ya tsaya a nan ya yi sallama, maigida ya fito ko ya aiko a ce ba ya nan, cikin gida kuma sai wanda aka ce ya shigo. To yau rabin abin da mutum yake ɓoyewa a cikin gida ya koma cikin kwamfuta da waya: hotunan iyali, hira da mata ko miji, lissafin kuɗi, abin da ya bincika da tsakar dare game da ciwon da yake jin kunyar faɗa wa likita. Babbar manhaja ita ce mai hidimar wannan gida, ita ke buɗewa da rufewa da kai da kawo. Tambayar ita ce, ta san inda zaure ya ƙare?

A yanzu amsar ba ta da daɗi. Mai sabuwar Windows 11 ana buƙatar ya jona intanet ya shiga da asusun Microsoft kafin ya gama saita na'urar da ya saya da kuɗinsa. Akwai kuma allon da kan fito yana neman ka ƙarasa saita wasu hidimomin kamfanin, zaɓin da ke gabanka shi ne ka ci gaba, ko a tuna maka bayan kwana 3. Wannan salo ya bazu a manhajoji da yawa, na kwamfuta da na waya. An bar "na yarda", an bar "sai an jima", an ɗauke "ban yarda ba". Izinin da ba a bar wa mutum hanyar hana shi ba, ba izini ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanya yarda cikin sharuɗɗan ingancin ciniki, kuma yardar da aka samu don an gajiyar da mutum da naci tana da rauni ko da ya danna da yatsansa.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a tsallake ta ba. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin harin, amma da yawa ba su sa ba. Kwamfutar da mai ita ya ƙi toshe wa ɓaraka takan zama hanyar cutar da wasu. Don haka ban ga laifi ba a matsa wa mutane su karɓi gyaran tsaro, domin kawar da cuta daga jama'a yana gaba da jin daɗin mutum ɗaya. Abin da nake ƙi shi ne a cusa talla da sabbin hidimomi da tattara bayanai a buhu ɗaya da gyaran tsaro, a ce ko ka ɗauka duka ko ka zauna cikin haɗari. A raba su. Na tsaro ya shigo, sauran su tsaya su nemi izini.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne abin da Microsoft ta sanar a watan Mayun 2024 mai suna Recall. Aikinsa ya riƙa ɗaukar hoton duk abin da ke fuskar kwamfuta bayan 'yan daƙiƙoƙi, ya karanta rubutun da ke ciki, ya adana, don in ka manta inda ka ga wani abu makon jiya ka tambaya ya nemo maka. A tsarin farko an shirya ya zo a kunne. Masana tsaro, cikinsu har da Kevin Beaumont na Birtaniya, suka nuna cewa rumbun bayanan yana zaune ba tare da ƙwaƙƙwaran kulle ba, duk ɓarawon da ya samu shiga na'urar zai kwashe tarihin mai ita. Kamfanin ya ja da baya, ya ɗage fitarwa, ya mayar da shi sai wanda ya zaɓa ya kunna, ya ƙara kulle da tantance fuska ko yatsa, sannan ya fito da shi a Afrilun 2025 a kan wasu sabbin kwamfutoci. Wannan gyara ne na gaske, kuma kukan jama'a ne ya kawo shi.

Sai dai gyaran ya tsaya a kan izinin mai kwamfuta. Hajiyar da takardar gadonta ke kan allona fa? Ita ba ta danna komai ba. Wanda ya turo maka saƙo yana faɗa maka matsalar aurensa da kai ya yarda, bai yarda da rumbun da zai riƙe maganarsa wata da watanni ba. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo hadisin da ke nuna cewa in mutum ya yi maka magana sannan ya waiga don ganin ko wani na ji, maganar ta zama amana a wuyanka. Waigawar kaɗai ta isa, ba sai ya ce ka rufa masa asiri ba. Masu manhajar aika saƙo ta Signal sun gane wannan, shi ya sa a watan Mayun 2025 suka sa manhajarsu ta Windows ta riƙa toshe ɗaukar hoton hirarrakin da ke cikinta. Bai kamata sai kowace manhaja ta nemi dabarar kare kanta ba. Babbar manhajar ce ya kamata ta san cewa ba duk abin da ya bayyana a allo ne mallakin mai allon ba.

Na san daɗin abin da ake tallatawa. Mantuwa tana da ciwo, kowa ya taɓa neman wata takarda har ransa ya ɓaci. Amma mu Musulmi mun riga mun yi imani da rubutun da ba ya barin ƙarami ko babba. Suratul Kahfi ta siffanta shi a aya ta 49, Suratul Infiɗar kuma ta ambaci mala'iku masu daraja da ke rubutawa. Abin da ya sa mumini yake iya rayuwa da sanin wannan littafi bai zauce ba shi ne ya san a hannun Wa yake. Yana hannun Mai rahama, Mai karɓar tuba, wanda a Suratul Furƙan, aya ta 70, Ya yi alkawarin musanya munanan ayyukan mai tuba na gaskiya da kyawawa. Littafin da ɗan Adam ya ƙera ya kwaikwayi rubutawar ne kawai, bai da sauran. Ba ya sanin niyya, ba ya sanin nadama. Yaron da ya kalli abin da bai dace ba yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya tuba, ya girma ya zama limamin unguwa, a wurin Allah an wuce wurin. A rumbun na'ura kuwa abin yana nan da ranarsa da sa'arsa, yana jiran duk wanda ya samu mabuɗi. An kwaɗaitar da mu rufa asirin juna, an kuma hana mu tona namu bayan Allah Ya rufa mana. Na'urar da ke tara asirin mutum ba dare ba rana tana aiki ne kishiyar wannan, ko da masu ƙera ta ba su nufi sharri ba.

Ba masu addini kaɗai suka hango haka ba. A 2014 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa mutum na iya neman a cire wasu tsofaffin bayanansa daga sakamakon bincike na Google, kuma Najeriya ta samu dokarta ta kare bayanan jama'a a 2023. Amma doka tana zuwa ne bayan an tara bayanan. Ni so nake tun a ƙira a rage tarawar.

Shi ya sa rabi na biyu na buƙatata shi ne gogewa ta gaskiya. Mutane da yawa ba su san cewa in ka share fayil, har ka zubar da kwandon shara, sau da yawa sunansa kawai aka cire daga jeri ba, musamman a kan tsofaffin faifan ajiya masu juyawa. Abin yana kwance har sai wani ya hau kansa, kuma akwai manhajojin kyauta da ke tono shi. Yawancin kwamfutocin da muke aiki da su a nan na hannu ne, sun fito daga Turai da Amurka sun biyo ta kasuwanni irin Computer Village ta Ikeja kafin su iso Arewa, kuma mu ma in mun gaji da su sayarwa muke yi. Kowace tana iya tafiya da sirrin wanda ya riƙe ta. Windows tana da hanyar wanke faifai sosai in za ka mayar da na'ura sabuwa, amma zaɓin yana can cikin saituna inda sai mai sani yake kaiwa. A manhaja mai zuwa ina so ya fito fili, a kan kowane fayil, da harshen da mai shagon buga takardu da ɗalibi da 'yar kasuwa za su fahimta: wannan an ɓoye shi ne kawai, wannan kuwa an shafe shi ba zai dawo ba. Ina so kuma a samar da yanayin aikin baƙo, wanda in na kunna shi don buga takardar wani, babu hoton da za a ɗauka, babu kwafin da za a tura rumbun kamfani, babu sunan da zai maƙale a jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan, in na rufe kuma na'urar ta nuna mini a rubuce cewa babu abin da ya rage, don in juya allon in nuna wa mai takardar ta gani da idonta.