Mai Zane da Mai Launi: A Wuyan Wa Hukuncin Sura Yake?

Zanen jaruman nan masu ƙarfin da ya zarce na ɗan Adam, waɗanda ake ba da labarinsu cikin jerin hotuna, tun asalinsa aikin tarayya ne. Superman, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1938, abokai biyu ne suka ƙago shi, Jerry Siegel yana rubuta labari, Joe Shuster yana zanawa, kuma da sana'ar ta bunƙasa sai aka ƙara rarraba ta, wani ya fitar da siffa da fensir, wani ya bi ta da tawada, wani ya zuba launi. Wayar hannu ta kawo wannan rabon aiki har gabashin Kano, domin babu abin da zai hana matashi a Gaya ya zana Spider-Man a takarda don sha'awa kawai, ya tura hotonsa ta WhatsApp ga abokinsa a Ajingi, shi kuma ya buɗe shi a manhaja irin ibisPaint ya cika shi da launi. Idan yin surar abu mai rai yana da hukunci a shari'a, wanne daga cikinsu ne mai surar?

Kafin a raba hukunci sai an san nauyinsa. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna cikin Bukhari da Muslim, kuma malamai ba su yi saɓani a kan ingancinsu ba, saɓaninsu yana kan irin surar da ake nufi. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya tafi a kan cewa haramcin ya haɗa da kowace surar mai rai, tana da jiki ko a shafe take. Malikiyya kuwa, wadda da littattafanta ake karatun zaure a ƙasar Kano, ta bambanta. A Risala, Ibn Abi Zaid ya karhanta surori a jikin gado da bango da zobe, ya fitar da zanen da ke jikin tufa daga ciki, ko da yake ya ce barinsa ya fi. Shaikh Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya fayyace a sharhinsa na Mukhtasar cewa abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, wato mai jiki kamar gunki, wadda gaɓoɓinta suka cika, amma wadda ke shafe a takarda ko bango makaruhi ce, idan kuma a inda ake taka ta take ko ake zama a kanta, to barinta ne kawai ya fi. A 2021 Hukumar Hisba ta Kano ta hana masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallar tufafi mai kai, shi kuwa abu ne mai jiki da ake iya zagayawa. Hoton da ke fuskar waya ba shi da ko kaurin takarda, kuma duhun da mai launi yake sanyawa a ƙarƙashin haɓa ko a gefen damtse, don siffar ta yi kamar ta taso, yaudarar ido ce wadda ba ta mayar da zanen mai inuwa a ma'anar da malaman fiƙihu suke nufi.

Da yawa za su ɗauka cewa mai fensir shi ne mai sura, mai launi kuwa ɗan taya aiki ne, tun da kafin zanen ya iso gare shi an riga an fitar da ido da hanci. Wannan zato bai yi la'akari da yadda ake zana waɗannan jarumai ba. Mai zane yakan fitar da jiki ne da dukkan tsokokinsa, ƙirji da ciki da cinya, tamkar babu sutura, sai 'yan layuka a wuya da wuyan hannu da ƙugu. Mai launi ne yake yanke cewa wannan fili shuɗiyar riga ce, wancan kuma fata ce, ta yadda zane guda zai iya fita daga hannunsa a suturce ko a tsirara ba tare da an taɓa layi ko ɗaya ba. Shi ne kuma yake zaɓar ko jarumin baƙi ne ko fari, ko jan da ke hannunsa safa ce ko jini. Kusan duk abin da shari'a take dubawa bayan batun surar kanta, musamman al'aura, a hannunsa yake kammala.

Fiƙihun Malikiyya yana da babin da ya dace da wannan hali, wato shirkatul abdan, tarayyar da jarinta aikin jiki ne ba kuɗi ba. Shafi'iyya ba su yarda da ita ba, amma Malikiyya sun halatta ta idan sana'ar ɗaya ce, ko kuma aikin ɗaya ya dogara a kan na ɗayan, da sharaɗin kowa ya sami rabo gwargwadon aikinsa. Mutanen Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi zuwa Dala neman tama, ba sa buƙatar dogon bayani a nan: mai zuga bai taɓa guduma ba, amma in ya tsaya ƙarfe ba zai yi ja ba, kuma in ya san wuƙar da ake ƙerawa ta ta'adi ce, ba zai ce shi iska kawai ya hura ba. Babin yana magana ne a kan rabon riba, sai dai hankalin da ke ƙarƙashinsa, cewa aikin da ba ya cika sai da mutum biyu na mutum biyun ne, ya fi dacewa da mas'alar fiye da neman wanda ya fara sa alƙalami.

Akwai kuma ma'anar jarumin kansa, wadda ta fi layi da launi wahalar aunawa. A 2006 Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fitar da jerin labarai mai suna The 99, inda kowane jarumi yake ɗauke da wata siffa da aka ciro daga sunayen Allah kyawawa, da niyyar bai wa yaran Musulmi abin koyi, amma a 2014 manyan malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shi. Abin da suka kama shi ne jingina waɗannan siffofi ga halitta. Mai karatun Hausa ya daɗe da sanin jarumin da ya fi ƙarfin runduna, a Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kuma ana karanta su a makarantu a matsayin ƙagaggen labari. Thor na kamfanin Marvel, wanda asalinsa abin bautar mutanen arewacin Turai ne, ba ajinsu ɗaya ba, kuma wanda ya zana shi da wanda ya sa masa walƙiya a guduma duk sun san wanda suke ƙawatawa.

Saura haƙƙin mallaka. Spider-Man na Marvel ne, kamfanin da Disney ya saya a 2009, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, don haka zane don koyo daban, buga shi a riga a kai kasuwa daban. Haƙƙin da aka fi saurin takewa kuwa yana tsakanin abokan biyu, lokacin da mai fensir ya ɗora hoton a Facebook da sunansa shi kaɗai, jama'a suna yaba hasken ido da kyan riga, alhali a Ajingi aka yi su.