Kafin Ka Sayi Injin Yankan Ciyawa Mai Batir

Ɗana, idan damina ta kankama, ciyawa ba ta jiran kowa. Wurin da ka gyara ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo ya sake yin kore shar, gindin katanga ya cika da tafasa da ƙarangiya, sauro ya sami maɓoya, maciji kuma ya sami hanyar shiga gida. Saboda haka idan lauje da adda sun gajiyar da kai har ka fara tunanin sayen injin nan mai doguwar sanda da zaren roba a baki, ban ga laifinka ba. Mai son tsabtar gidansa mutumin kirki ne. Sai dai ina so ka ɗan zauna mu yi magana kafin ka zaro kuɗinka.

Fara da sanin aikin da aka yi shi dominsa. Wani Ba'amurke mai suna George Ballas ne ya ƙirƙiro shi a birnin Houston a 1971, da gwangwani da zaren kamun kifi, don ya riƙa aske ciyawar gindin itatuwan gidansa, inda babban inji ba ya iya kutsawa. Har yau aikinsa ke nan: bakin katanga, gefen kwata, ɗan filin tsakar gida. Idan fegi gare ka a bayan gari da gamba da tofa suka rufe, wannan aikin inji mai ruwan ƙarfe ne, ko adda. Ka tilasta wa ƙaramin inji abin da ya fi ƙarfinsa, kai ne za ka dawo kana zagin mai shago, alhali shi bai cuce ka ba.

Na yarda da kai a kan zaɓen mai batir. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk abin da zai raba ka da gidan mai alheri ne, ga shi ba ruwanka da haɗa fetur da baƙin mai, ba hayaƙi, ba ƙarar da za ta tayar da maƙwabcin da ya kwana wurin aiki. In kana da sola a gida, kusan rana ce za ta riƙa yanka maka ciyawa.

Amma ga inda mutane suka fi yin tuntuɓe, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Ido yakan tafi kan launin injin da manyan lambobin da aka buga a kwali, alhali batirin shi ne abin da kake saye, sandar rakiya ce kawai. Kada lamba ta ruɗe ka: mai 18V da mai 20V galibi abu ɗaya ne, ƙwayoyin litiyam 5 ne a cikin kowanne, wani kamfani ya rubuta ƙarfinsu na yau da kullum, wani ya rubuta na lokacin da suka cika taf. Lambar da ya kamata ka nema ita ce wadda aka rubuta Ah a gefenta, don ita ke nuna yawan wutar da batir ke ɗauka, kamar girman randa da ruwan cikinta. Mai 4Ah ya ninka mai 2Ah, kuma mai 2Ah da wuya ya kai ka rabin awa a ciyawa mai kauri. Ƙaramin gida, mai 18V ya wadatar. Fili mai faɗi, nemi mai 36V ko 40V, ka kuma shirya wa nauyinsa. In kana da injin huda bango na Makita ko Ingco ko wani kamfani, duba ko batirinsa zai shiga, domin kowane kamfani da irin bakin batirinsa, kuma batir ɗaya na iya yi maka hidimar kayan aiki da yawa. Batirin da ba suna ba adireshi, wanda aka rubuta masa lamba mai ban mamaki a kan kuɗi kaɗan, bar shi inda ka gan shi. Araha ba ta ado, kuma jabun batir yana iya kama wuta a ɗakin da 'ya'yanka ke kwana.

In injin na hannu ne daga Amurka, juya cajar ka karanta. Wutarsu 120V ce, tamu 230V, kuma cajar da ba a yi ta don tamu ba tana iya ƙonewa a jonawar farko.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Zare mai kaurin milimita 1.6 na ciyawa mai laushi ne, mai 2 ko 2.4 ya fi jure mai tauri, muddin injin zai iya jan sa. Motar cikin injin kuwa, marar gawayi ta fi daɗewa, ta fi kuma tattalin wuta.

Bayan saye sai riƙo, kuma a riƙo ake gane halin mutum. Batir ba ya son zafi, ƙasarmu kuwa a Afrilu takan haura digiri 40, don haka kada ka bar shi a rana ko cikin mota, kada ka jona shi yana da zafi daga aiki, in rani ya shigo kuma ka ajiye shi a inuwa da kusan rabin caji. Zaren nan da kake gani yana cilla tsakuwa da ƙarfin da zai fasa ido ko gilashin mota. Sa tabarau da takalmi rufaffe, ka tsince duwatsu tukuna, ka nisantar da yara kamar mita 15, ko da sun yi ta naci suna son kallo. Ka yi hattara da gindin ɗan mangwaro ko darbejiyar da ka dasa, don in zaren ya kewaye ɓawon ya ɗaye shi, itacen zai bushe a tsaye, wahalar ban ruwan shekara ta tafi a banza.

Ranar da za ka je kasuwa, ɗana, ka sa a ɗaura batirin, ka riƙe injin a hannunka ka ji nauyinsa da tsawonsa, sannan ka tambayi kuɗin batir na biyu da ƙunshin zare. In mai shagon ya ce ba ya da su kuma bai san inda ake samu ba, yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.