Girma da Albarka: Tambaya Kan Kabewa Daga Ƙasar Adar

A wasu ƙasashen Turai da Arewacin Amurka akwai manoman da suka mayar da noman kabewa gasa, kuma abin da alƙalan gasar ke dubawa shi ne nauyi kaɗai. Irin da suke shukawa ya fito ne daga hannun Howard Dill, manomi ɗan garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, wanda ya daɗe yana zaɓen iri daga manyan 'ya'ya har ya fitar da nau'in da ake kira Atlantic Giant. A shekarar 2021 Stefano Cutrupi na Italiya ya auna kabewa mai kilo 1,226, sannan a 2023 Travis Gienger na jihar Minnesota ya kai wa gasar Half Moon Bay ta Kaliforniya wadda ta kai kilo 1,247. Dabarar ita ce a tsinke sauran 'ya'yan a bar wa uwar ɗa guda, a riƙa kwarara mata ɗaruruwan litocin ruwa kullum, a ƙosar da ita da taki, har ta kai a tsakiyar girmanta tana iya ƙara kilo 20 a yini. Sai dai naman irin wannan kabewa lami ne, ruwa ya yi masa yawa, shi ya sa masu gasa kabewa a tanda a can ƙasashen sukan nemi ƙarama mai tauri da zaƙi.

Wannan bambanci tsakanin kabewar kallo da kabewar ci ba baƙo ba ne ga matar da ke cefane a Babankatami, ko Buza, ko Madawa a jihar Tawa ta Nijar, domin ita ma ba girma take fara dubawa ba idan za ta yi miyar taushe. Takan ɗaga kabewar, wadda wasu ke kira kabushi, ta ji ko nauyinta ya dace da jikinta, ta danna ɓawon da farce ta ji ko ya ƙosa, kuma idan yanka ake sayarwa sai ta nemi mai kaurin nama da launin da ya ja sosai, saboda ita ce ke narkewa ta ɗaure miya tare da gyaɗa da yakuwa. Ma'auninta tukunya ne da bakunan da ke jiranta, kuma Hausawa sun riga sun ce ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Tambayar da ta taso ita ce: shin ƙara wa halitta girma fiye da amfaninta godiya ce ga Mai halitta, ko kuwa israfi ne, wato wuce iyaka wajen kashe abin da aka ba mutum amana? Ita kabewa da danginta suna da matsayi a nassi. Suratus Saffati ta ambaci tsiron da Allah Ya fitar wa Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bayan kifi ya jefo shi gaɓa yana mara lafiya, kuma mafi yawan masu tafsiri sun ce daga dangin duma da kabewa yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani maɗinki ya gayyaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kawo masa romo mai ɗauke da irin wannan ɗan itace da busasshen nama, sai Anas ya ga yana bin yankansa a gefen akushi, kuma tun daga ranar Anas ya riƙa son sa. A wuraren biyu darajar tsiron ta zo ne daga hidimarsa: inuwa ga mara lafiya, abinci a gidan mai ƙaramar sana'a.

Fiƙihu ma da wannan ido yake kallon amfanin gona. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Nijar, ba ta wajabta zakka a kan kayan lambu irin su kabewa ba, domin sharaɗinta shi ne abin ya zama abincin da ake rayuwa a kansa kuma yana ajiyuwa, alhali Abu Hanifa ya wajabta ta a kan kusan duk abin da ake nomawa, kuma Alƙali Ibnul Arabi, duk da kasancewarsa Bamalike, ya karkata ga wannan ra'ayi. Saɓanin nasu duka a kan haƙƙin mabuƙaci yake. Haka nan shari'a ta rage zakkar gonar da aka shayar da wahala zuwa ɗaya bisa ashirin, maimakon ɗaya bisa goma na wadda ruwan sama ya shayar, abin da ke nuna cewa ta ɗauki ruwan da aka jawo a matsayin dukiya mai tsada.

Adalci ne a faɗi cewa zaɓen iri ba laifi ba ne, kuma da shi manoman wannan jiha ta Tawa suka samar da albasar Galmi da ta yi suna a Afirka ta Yamma. Haƙurin Howard Dill ilimi ne, kuma asalin hukuncin abubuwan nishaɗi halacci ne matuƙar ba su jawo ɓarna ba. Amma israfi ba shi da mudu guda a ko'ina, yana bin halin wuri da buƙatar maƙwabci. A yankin Buza da Keita na ƙasar Adar ruwan shekara da wuya ya kai milimita 500, kuma mutanensa ba su manta da farin 1984 ba, shekarar da aka soma aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya, kamar yadda ba su manta da layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska ba. Ƙasar da aka farfaɗo da ita da duwatsun da mata suka ɗauko a ka tana da haƙƙi a kan duk mai shayar da ita.

Saboda haka gasar nauyi tana iya zama halattaccen wasa a bakin tafkunan Minnesota, amma a garkar Babankatami, inda rijiya guda ke shayar da mutane da dabbobi da shuka, tsinke 'ya'yan da za su ciyar da gidaje domin a kumbura ɗaya da ba za a ci ba ya shiga israfin da Suratul A'arafi ta hana. Gasar da ta dace da Adar ita ce ta irin da ke jure ƙishirwa, mai kaurin nama, wanda zai kai bazara a ɗaki bai ruɓe ba, kuma ya kamata malaman gona da ƙungiyoyin manoma su karrama matan da ke adana irin wannan iri daga damina zuwa damina.