Kai Yara Ganin Namun Daji: Wasa Ne Ko Karatu?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo maganar wannan mako shi ne wata tafiya da makarantarmu ta shirya wa ɗalibai zuwa gandun dajin Yankari, cikin Jihar Bauci. Da aka aika wa iyaye takarda, sai wani dattijo ya tako har makaranta, ya ce mini: "Malam, da malamin boko ne ya kawo wannan magana da ban yi mamaki ba. Amma kai da ke koyar da Larabci, yaya za a yi ka yarda a karɓi kuɗin talaka a kwashi yara zuwa kallon birai? Ai wannan wasa ne da ɓarnar dukiya."

Ban raina maganar dattijon nan ba, domin kuwa tana da tushe. Dukiya amana ce, lokacin yaro ma amana ne. Idan an tafi an bar salla ta wuce a kan hanya, aka saki yara maza da mata suka cakuɗe a ruwan Wikki ba mai tsawatawa, aka dawo ba abin da aka ƙaru da shi sai hotuna, to, dattijo ya yi gaskiya, wasa aka yi. Amma laifin na masu shiri ne, ba na tafiyar ba.

Abin da na tuna masa shi ne, Alƙur'ani mai girma bai bar mu mu san Allah ta hanyar takarda kaɗai ba. A wurare da yawa ya umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, har a cikin Suratul Gashiya ya jawo hankalinmu ga halittar raƙumi. Surori shida suna ɗauke da sunan dabba ko ƙwaro: Baƙara, An'am, Nahl, Naml, Ankabut da Fil. Yaron birni yakan haddace Suratul Fil tun yana ɗan shekara shida, ya girma, ya tsufa, bai taɓa ganin giwa ba. Ran da ya tsaya a bakin kogin Gaji da rani, ya ga garken giwaye sun sauko shan ruwa, ya ji ana gaya masa cewa uwar takan ɗauki ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, a ranar zai fahimci irin rundunar da Abraha ya nufo Ka'aba da ita, da irin ikon da ya mayar da ita da 'yan tsuntsaye. Gani ya kori ji. Sai dai kallo daban, lura daban. Mai kallo idonsa ne kawai ke aiki, mai lura kuwa zuciyarsa ce, kuma aikin malami shi ne ya mai da kallo ya zama lura.

Dattijo ya amince, aka tafi. To, a can ne wani ɗalibi ya yi mini tambayar da ta fi ta dattijon nauyi. Ma'aikacin gandun ya gama bayanin cewa duk wanda aka kama yana farauta a ciki za a gurfanar da shi gaban shari'a, sai yaron ya juyo ya ce: "Malam, ba kai ka karantar da mu cewa farauta halal ce ba? Yaya hukuma za ta haramta abin da Allah Ya halatta?"

Jama'a, wannan tambaya ba ta yaro ba ce kaɗai. Manya da yawa suna riƙe da ita a zuci, shi ya sa mutumin da ba zai taɓa satar kazar maƙwabcinsa ba yake sayen naman gwanki ko na ɓauna da aka harbo a gandun hukuma, ya ci, bai ji komai ba.

Amsa ita ce, haramtawa daban, hanawa daban. Halattawa da haramtawa na Allah ne Shi kaɗai. Naman gwanki halal ne a jiya, halal ne a yau. Amma shugaba yana da ikon ya keɓe wani yanki na ƙasar da ba mallakar kowa ba, ya hana a taɓa shi saboda maslahar jama'a. Malaman fiƙihu suna kiran wannan "hima", mu kuma a ƙasar Hausa mun san shi da sunan hurumi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza. Kafin duk wannan, ga Haramin Makka, inda ba a farautar dabba, ba a ma razana ta, ba a kuma sare itacen da ya tsiro da kansa. Ashe keɓe daji ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana.

Mece ce maslahar a nan? Gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A yau yana cikin 'yan wurare ƙalilan da giwa ta rage a Nijeriya. Dazuzzukan da kakanninmu suka yi farauta a cikinsu sun zama gonaki da garuruwa, bindiga kuma ba kibiya ba ce. Abin da aka halatta wa mutum ɗaya ya ɗauka don ya ci, idan dubu suka ɗauka don sayarwa, ƙarewa zai yi. Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Wanda ya ƙarar da al'umma guda daga cikinsu ya shafe wata aya da Allah Ya ajiye don a duba, ya kuma zalunci jikokin da ba a haifa ba. Tsaro kuwa yana da amfani. A yankin Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a 1996, amma da aka kare su sai ga shi sun haura 600.

Duk da haka, akwai sauran magana, kuma zalunci ne a ɓoye wa yara ita. A ƙauyukan da ke kewaye da Yankari akwai manoman da giwa kan shiga gonarsu cikin dare guda ta cinye wahalar damina. Akwai makiyayan da ke hangen ciyawa ba su da ikon shiga. Lokacin da Sayyidina Umar ya naɗa wani hadiminsa mai suna Hunayyu ya kula da hurumi, ya gargaɗe shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya kuma tsare dabbobin mawadatan sahabbai, domin su suna da gonakin da za su koma wa. Ba ina cewa a buɗe Yankari ga garken shanu ba ne, domin abin da aka keɓe shi dominsa zai lalace. Amma ƙa'idar tana nan: hurumi na maslahar jama'a ne, bai halatta a ɗora nauyinsa a wuyan talaka shi kaɗai ba. Wajibi ne a kan hukuma ta dubi manomin da aka yi wa ɓarna, ta sa mutanen kewaye su ci moriyar abin da aka hana su taɓawa.

Saboda haka, shawarata ga malamai ita ce, kada a kai yara daji sai an shirya su. A gyara niyya, a kiyaye lokutan salla, a raba maza da mata wurin wanka da masauki, a nemi hanyar ɗaukar ɗan marar hali don kada tafiyar ta zama ta 'ya'yan masu kuɗi kaɗai. A hana jifar birai da tsokanarsu, a tuna musu matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da mutumin da aka gafarta wa saboda karen da ya shayar. A kan hanyar dawowa kuma a nuna musu gonakin da ke bakin gandun, a tambaye su haƙƙin wa ke nan.

Ga iyaye kuma, in yaro ya dawo, kada a tsaya ga tambayarsa ko ya ga zaki. A tambaye shi abin da ya gane. In ya iya amsawa, kuɗinku bai tafi a banza ba.

Allah Ya sa mu cikin masu lura da ayoyinSa, Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana.