Tawakkali a Tsakiyar Bahar Maliya

Alhazan ƙasar Hausa da suka bi ta Sudan a ƙarni na 19 da farkon na 20 sukan ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda cikin sambuk, wato ƙaramin jirgin katako da iska ke turawa ta hanyar wani babban ƙyalle da aka ɗaura a dogon itace. A irin wannan jirgi tambayar tawakkali, wato dogaro ga Allah, takan fito fili, domin idan guguwa ta taso matuƙi yakan rage faɗin ƙyallen tun kafin iska ta fi ƙarfinsa, ya daidaita goshin jirgin yadda igiyar ruwa ba za ta buge shi ta gefe ta kifar da shi ba, yaransa kuma suna kwarfar ruwa, kowa yana addu'a. Malaman Sunna suna kiran wannan aiki riƙo da sababi, suna kuma ganin barinsa sakaci ne, ko da an yi masa suna mai daɗi. Abin da Suratu Yunus ta zarga ga matafiyan teku shi ne tuna Allah lokacin tsoro kaɗai, a manta da Shi da zarar an taka tudu.