Haƙƙin Rufe Ƙofa

A Birtaniya, duk gidan da ake kallon talabijin kai tsaye sai ya biya kuɗin lasisi, waɗanda da su ake riƙe BBC. A 2025 sun kai fam 174.50 a shekara. Dokar 2003 ta ɗauki kallo ba lasisi a matsayin laifi, tararsa tana iya kai fam 1,000. Shi ya sa ake aika ma'aikata gida-gida.

Amma ma'aikacin da ya ƙwanƙwasa baƙo ne kurum. Ba ya ƙetare dokin ƙofa sai da yardar mai gida, ko da takardar bincike daga alƙali. Mai gida yana iya ƙin amsawa, ya maida ƙofarsa, bai taka doka ba.

To, wa ke cin moriyar wannan haƙƙi? Galibin ƙararrakin sun dogara ne ga abin da mutum ya faɗa da bakinsa a bakin ƙofa. Wanda ya san doka ya yi gum ya tsira; mai kunya, wanda ba ya iya juya wa baƙo baya, shi ke sa hannu ga takarda. Wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake hukuntawa mata ne, kuma BBC da kanta ta ce a 2023 su aka fi iskewa gida. Biyan kuɗin wajibi ne, ba gardama; kama mai ladabi a bar mai taurin kai ne ke da wuyar karewa.

Faransa kuwa ta soke nata kuɗin a 2022, ta koma ɗiba daga harajin TVA.